Mai Bincike Abin Bincike: Soyayyar Jinsi Ɗaya, Ƙetaren Zamani da Bin Diddigin Laifi a Ƙagaggun Labarai Uku na Ingilishi

Tsakure

Maƙalar ta nazarci ƙagaggun labarai uku da suka haɗa soyayya tsakanin jinsi ɗaya da ƙetaren zamani da bin diddigin tsohon laifi. Ta nuna cewa tauraron da ya koma baya ya shiga binciken laifi yakan tarar dokar wancan zamani ta sa shi cikin masu laifi, kuma wannan juyi ne ke karkatar da tambayar labarin daga wanda ya yi kisa zuwa wanda aka rasa.

1.0 Gabatarwa

Tsakanin 31 ga Agusta da 9 ga Nuwamba 1888 an kashe mata biyar a Whitechapel da kewayenta, a gabashin Landan, kuma har yau ba a gurfanar da kowa ba. Shekara uku kafin nan majalisar Birtaniya ta zartar da dokar da ta mai da duk wata mu'amalar sha'awa tsakanin maza biyu laifi, ko da a cikin ɗaki aka yi ta. Littafin Downtime na Tamara Allen ya ɗauki jami'in FBI na ƙarni na 21, Morgan Nash, ya jefa shi tsakanin waɗannan abubuwa biyu. Yana bakin aiki a Landan, saura ƙiris a harbe shi, sai ya farka a 1888, saboda wani ma'aikacin Gidan Tarihi na Birtaniya, Ezra Glacenbie, ya janyo shi da sihirin wani tsohon kundi ba da niyya ba. Kundin ya ɓata, hanyar komawa ta toshe. Morgan ya shiga farautar makashin da jaridu suka laƙaba wa Jack the Ripper, soyayya kuma ta ƙullu tsakaninsa da Ezra.

Manufar wannan maƙala ita ce gano abin da ke faruwa ga zubin labari idan aka haɗa waɗannan nau'o'i uku wuri guda. Downtime ne ginshiƙin nazarin. An jingina masa The Kingdoms na Natasha Pulley da One Last Stop na Casey McQuiston, waɗanda duka suka fito a 2021.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

A maƙalarsa ta 1966 kan rabe-raben labarin binciken laifi, Tzvetan Todorov ya nuna cewa irin wannan littafi labari biyu ne a rufi ɗaya: labarin laifin, wanda ya ƙare kafin a buɗe shafin farko, da labarin binciken, wanda aikinsa sake gina na farkon ne daga ɓurɓushin da ya rage. Ke nan mai bincike dama can mai waiwaye ne. Josephine Tey ta kai wannan matuƙa a The Daughter of Time na 1951, inda sufeton 'yan sanda yana kwance a gadon asibiti yake binciken zargin da aka yi wa Sarki Richard na Uku a ƙarni na 15. D. A. Miller kuwa, a The Novel and the Police na 1988, ya ɗauki ƙagaggen labarin zamanin Sarauniya Victoria a matsayin wani reshe na sa ido da ladabtarwa.

Ta fuskar soyayya, Pamela Regis a 2003 ta ƙirga gaɓoɓi takwas da labarin soyayya ba ya rasawa. Biyu daga ciki suka shafi wannan nazari: shinge, wato abin da ya hana masoya haɗuwa, da gaɓar yanke ƙauna, inda mai karatu ke ganin an gama. Mai karatun Hausa ya san shinge sarai, domin a In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino tazarar dukiya ce da matsin iyaye. David Wittenberg kuma a 2013 ya kira labarin ƙetaren zamani ɗakin gwajin fasahar ba da labari, tunda abin da sauran littattafai ke yi a ɓoye, na sassaɓa jerin aukuwa, shi a fili yake yin sa.

Akwai kuma masana tarihin jinsi. Michel Foucault a 1976 ya kafa hujjar cewa likitocin Turai na wajejen 1870 ne suka mai da abin da doka ta sani a matsayin aiki ya zama nau'in mutum. Rictor Norton da wasu sun ƙalubalance shi da shaidar gidajen haɗuwar irin waɗannan maza a Landan tun ƙarni na 18, har da wanda aka kai wa samame a 1726. Carolyn Dinshaw a 1999, Heather Love a 2007 da Elizabeth Freeman a 2010 sun yi magana kan marmarin masu karatu na yau na taɓa waɗanda suka gabata, da kuma haɗarin share baƙin cikinsu da sunan ci gaba. Giɓin da ke akwai shi ne kowane rukuni ya tsaya a gonarsa. Masu nazarin soyayya ba su cika kula da ɗan sanda ba, masu nazarin ɗan sanda kuma ba su tambayi abin da zai faru idan shi kansa doka na nemansa ba.

3.0 Hanyar Nazari da Kalmomin Fannu

An bi hanya biyu. An yi karatun ƙwaƙƙwafi na zubi da tsarin kowane littafi bisa ra'in Todorov da na Regis, sannan aka auna abin da littafin ya ƙaga da abin da tarihi ya tabbatar game da dokoki da shari'o'in zamanin. Nazarin na adabi ne, bai shiga hurumin hukuncin addini ba.

Batun kalmomi na buƙatar bayani. Luwaɗi da maɗigo sunayen aiki ne, kuma suna ɗauke da hukunci a cikinsu, alhali littattafan suna magana ne kan shaƙuwa da zaman tare. Ɗan daudu kuwa wani matsayi ne na zamantakewar Hausawa, mai sana'o'insa da salon maganarsa, kamar yadda Rudolf Gaudio ya bayyana a 2009, ba zai dace da ma'aikacin gidan tarihi a Landan ba. Don haka aka zaɓi soyayyar jinsi ɗaya. Ƙetaren zamani na nufin tsallakawar tauraro da jikinsa daga wani zamani zuwa wani, wanda ya yi hakan kuma matafiyin zamani ne. Ilimin gaba shi ne abin da matafiyin ya sani wanda mutanen da ya tarar ba su sani ba.

4.0 Nazari

4.1 Labari Biyu, Zamani Biyu

Ƙetaren zamani yana rushe katangar da Todorov ya gina. A labarin bincike na gargajiya, laifi ya wuce, mai bincike ya zo daga baya. A Downtime kuwa Morgan ya san labarin kisan tun a zamaninsa, a matsayin shari'ar da ta gagara, sai ga shi a tsakiyarta tana kan faruwa. Abin da ya gabata a saninsa yana gaba a rayuwarsa. Daga nan ne ɗokin mai karatu ke sauya wuri. Tambayar wa ya yi tana nan, amma wata ta danne ta: wanda ya san ranar da za a yi kisa, me ya wajaba a kansa?

Marubucin da ya taɓa laifi na gaskiya yana cikin tsaka mai wuya. In ya bar tauraronsa ya kama makashin a bainar jama'a, ya ƙaryata tarihin da kowa ya sani. In ya bar shi ya gaza, ya karya alkawarin nau'in. Karl Alexander a Time After Time na 1979 ya kauce wa wannan ta hanyar kwaso makashin zuwa ƙarni na 20, H. G. Wells na biye da shi, inda ba tarihin da zai ƙaryata shi. Labarin da ya tsaya a 1888 ba shi da wannan mafita, shi ya sa nauyin warware ƙulli ke komawa kan soyayya.

4.2 Mai Bincike Abin Bincike

Nan ne zuciyar al'amarin. Dokar gyaran hukunta laifuffuka ta 1885 an tsara ta ne don kare 'yan mata, ita ce ta ɗaga shekarun amincewa daga 13 zuwa 16. Cikin dare, a zaman 6 ga Agusta, ɗan majalisa Henry Labouchere ya cusa wani sashe, wanda ya zama sashe na 11, kuma aka amince da shi kusan ba muhawara. Sashen ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, da aiki mai wahala ko babu, ga namijin da ya aikata abin da ya kira mummunar rashin ɗa'a da wani namiji, a fili ko a ɓoye. Bai fayyace mene ne wannan rashin ɗa'a ba. Kafin nan luwaɗi kansa ne babban laifin, wanda hukuncinsa kisa ne har 1861, ko da yake waɗanda aka rataya na ƙarshe, James Pratt da John Smith, a 1835 ne. Bayan 1885 wasiƙa ko shaidar bara a gida ta isa ta kai mutum kotu. Ba banza ba aka yi wa sashen laƙabi da lasisin masu karɓar kuɗin rufin baki. Da shi aka ɗaure Oscar Wilde a Mayun 1895.

To, a cikin wannan Landan ce Morgan Nash ya sauka. Shi ɗan doka ne a tarbiyya da tunani: ya saba shi ke tambaya, shi ke ƙwanƙwasa ƙofa. Amma daga ranar da zuciyarsa ta karkata ga Ezra, kowane ɗan sandan da zai nemi haɗin kansa a kan kisan Whitechapel yana da ikon kama shi. Shingen Regis a nan ba uba ba ne, ba talauci ba ne. Dokar da tauraro yake wa aiki ce da kanta.

Tarihi ya ba wannan juyi ƙarfi fiye da yadda ƙagawa za ta iya. Sufeto Frederick Abberline, wanda ya jagoranci binciken Whitechapel a ƙasa a 1888, shi ne aka ɗora wa binciken abin kunyar titin Cleveland a 1889, lokacin da aka gano gida mai lamba 19 da manyan mutane ke zuwa neman samari masu kai telegiram. Lord Arthur Somerset, na hannun daman Yariman Wales, ya tsallake zuwa ƙasar waje, ƙananan mutane ne suka sha ɗauri. Mutum ɗaya, ofis ɗaya, farauta biyu. Akwai kuma Francis Tumblety, mai tallar magunguna daga Amurka, wanda aka kama a Landan a Nuwamban 1888 bisa sashe na 11, aka ba da belinsa, ya gudu ta Faransa da sunan ƙarya. A wata wasiƙa ta 1913, tsohon babban sufeto John Littlechild ya ambace shi cikin waɗanda ake zargi da kisan matan, yana kafa hujja da ƙiyayyar da aka ce yana yi wa mata. A idon hukumar wancan lokaci, tazarar da ke tsakanin mai neman maza da makashi ba ta da yawa. Matafiyin da ke yawo a lungunan Whitechapel da dare, baƙo, mai harshen Amurka, ba takardar shaida, ya san abin da bai kamata ya sani ba, ya cika kusan duk siffofin wanda ake nema.

Sai batun suna. Kalmar da Turawa ke amfani da ita yau ga wannan ɗabi'a Karl-Maria Kertbeny ne ya fara buga ta da Jamusanci a 1869, ba ta kuma bazu a Ingilishi ba sai bayan fassarar littafin Krafft-Ebing a 1892. Ke nan a 1888 Morgan yana da sunan da yake kiran kansa, Ezra ba shi da irinsa. Wannan rashin daidaito na iya zama tarko ga marubuci, ya mai da matafiyi malami, mutumin da kuma ɗalibi. Allen ta rage kaifin tarkon da ta ba Ezra baiwar ganin ruhin matattu, abin da horon FBI bai tanadi wurin ajiye shi ba. Kowannensu na riƙe da sanin da ɗayan zai yi wa kallon hauka.

4.3 Iyakar Ilimin Gaba

Misali ɗaya ya isa. A daren 30 ga Satumba 1888, bayan kashe Elizabeth Stride da Catherine Eddowes, wani ɗan sanda mai sintiri ya tsinci yankin zanen gaban Eddowes, jina-jina, a bakin wata ƙofa a titin Goulston. A bangon da ke sama akwai rubutu da alli da ya ambaci Yahudawa. Kwamishina Sir Charles Warren, don tsoron tarzoma a unguwar da baƙin haure Yahudawa suka cika, ya sa aka goge rubutun da asuba, kafin haske ya isa ɗaukar hoto. Jami'in yau zai kewaye wurin, ya hana kowa taɓawa. Amma ko ya yi, ina zai kai abin da ya tara? Scotland Yard ba ta buɗe sashen zanen yatsa ba sai 1901, shekarar da Paul Uhlenhuth ya fito da gwajin bambanta jinin mutum da na dabba. Gano mutum ta ƙwayar halitta kuwa sai 1984, a hannun Alec Jeffreys a Leicester. Ilimin matafiyi ya dogara da ɗakunan gwaji da rumbunan bayanai da ya baro a baya. Abin da ya rage masa shi ne ƙafa da ido da amanar mutanen unguwa, kuma amanar nan ba ta samuwa ga wanda ke ɓoye rabin kansa.

4.4 Matan Whitechapel

Akwai aibin da ya kamata a faɗa ba kwana-kwana. Labarin da ya damu da waɗanda doka ta danne yana iya taka wasu da aka danne don ya kai ga masoyansa. Judith Walkowitz a 1992 ta nuna yadda jaridu suka mai da kisan nan wasan kallo, Hallie Rubenhold kuma a The Five na 2019 ta bi rayuwar matan ɗaya bayan ɗaya, ta ce babu shaidar cewa uku daga cikinsu karuwai ne, ra'ayin da wasu masana suka ja da shi. Mary Ann Nichols matar ma'aikacin ɗab'i ce mai 'ya'ya biyar. A daren da aka kashe ta an kore ta daga gidan kwanan haya don ba ta da kwabo huɗu na gado. Annie Chapman matar direban keken doki ce. Stride 'yar Suwidin ce. Duk littafin da ya ari 1888 ya ci bashin waɗannan mata, kuma ma'aunin da ya dace a auna shi da shi shi ne ko ya bar su su zama mutane kafin su zama gawa.

4.5 Yanzu na Wa?

Nau'in ya ginu a kan zaton cewa zamanin matafiyi wurin tsira ne. Wannan zato na da tarihi gajere da iyaka a taswira. Ingila da Wales sun sassauta dokar a 1967, kotun ƙolin Amurka ta soke irinta a 2003, afuwar waɗanda aka hukunta a Ingila kuma, ciki har da matattu, ta zo a 2017. A wasu ƙasashe akasin haka aka bi: Nijeriya ta ƙara doka a kai a Janairun 2014, bisa wadda ta gada, domin kundin hukunta laifuffuka na Arewa ya samo tsarinsa daga na Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860 da Turawan mulki suka rubuta. Don haka nisan da littafin ke aunawa da shekaru, wani mai karatu da mil zai auna shi.

The Kingdoms ne ya fi gane raunin wannan zato. Joe Tournier ya sauka daga jirgin ƙasa a 1898 bai tuna komai ba, a Landan da ke ƙarƙashin mulkin Faransa. Wani katin gidan waya da ya shafe kusan shekara casa'in yana jiransa ya kai shi hasumiyar fitilar teku ta Eilean Mòr, daga nan kuma zuwa zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon da hannun kyaftin Missouri Kite. Hasumiyar ta gaskiya ce, a nan ne masu gadi uku suka ɓace a Disamban 1900. A wannan littafi tarihi na canjawa, kuma kowane canji na shafe wasu mutane kamar ba a taɓa haihuwarsu ba. Babu wani yanzu tabbatacce da za a gudu zuwa gare shi.

4.6 Daga Wa Ya Yi zuwa Wa Aka Rasa

One Last Stop ya juya alƙiblar tafiyar: zamanin da ne ya zo. August Landry, 'yar shekara 23, ta koma New York tana gudun aikin da mahaifiyarta ta raine ta a kai, wato neman ɗan'uwan uwar, Augie, da ya ɓata a 1973. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Q ta haɗu da Jane Su, 'yar asalin Sin daga San Francisco, wadda ta maƙale a jirgin tun daren ɗaukewar wutar birnin na 13 ga Yuli 1977, ba ta tsufa, ba ta iya fita, ba ta tuna ko wace ce ita. Dabarun da August ta koya a gida, na tona tsofaffin takardu da cika littattafan rubutu da bayanai, su ta juya kan Jane. A nan binciken da neman soyayyar aiki ɗaya ne, domin kowane abin da Jane ta tuna shaida ce.

Zaren ya kai ga gobarar UpStairs Lounge, mashayar masu soyayyar jinsi ɗaya a New Orleans. Ranar Lahadi 24 ga Yuni 1973, da magariba, aka cinna wuta a matakalar wannan mashaya da ke hawa na biyu. Da aka buɗe ƙofa wutar ta afko ciki, tagogi kuma da sandunan ƙarfe. Mai sayar da abin sha ya fitar da kimanin mutum ashirin ta ƙofar baya. Mutum 32 suka mutu. Ba a gurfanar da kowa ba, wanda aka fi zargi ya kashe kansa a 1974. Wasu coci-coci sun ƙi yin jana'iza, wasu iyalai sun ƙi karɓar gawa. Robert Fieseler ya tattara wannan tarihi a Tinderbox na 2018.

McQuiston ba ta nemi gano wanda ya sa wutar ba, kuma wannan zaɓi daidai ne. A littafin, Jane ta zauna da Augie a New Orleans, ta daɗe tana zaton gobarar ta ci shi. Bincike ya nuna ya tsira ya koma California, kuma abin da ya ɓatar da shi daga 'yar'uwarsa shirun dangi ne. Laifin da aka warware na ɓoyewa ne, hukuncinsa kuma mai da suna ga mai shi. Wannan ya yi daidai da yanayin taskar tarihin kanta, domin yawancin abin da aka sani game da irin waɗannan mutane a ƙarni na 19 daga takardun tuhuma da rahoton likita ya fito, wato daga bakin masu farautarsu. E. M. Forster ya rubuta Maurice a 1913 zuwa 1914, ya nace sai masoyansa sun tsira tare, sai littafin ya zauna a aljihun tebur har 1971, bayan rasuwarsa. Kyakkyawan ƙarshen da nau'in soyayya ya wajabta yana cike gurbin da kundin 'yan sanda ba zai taɓa rubutawa ba, tunda waɗanda suka zauna lafiya ba su bar fayil ba.

Huɗu daga mamatan UpStairs Lounge an binne su a maƙabartar marasa galihu, uku ba a san sunansu ba a lokacin. Na huɗun tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu ne daga California. Danginsa sun shafe fiye da shekara arba'in ba su san inda ya shiga ba, sai a 2015 da wani daga cikinsu ya rubuta sunansa a intanet.